Amsar Da Na Ba Ki A Gaban Inna

Ƙofar Gayan,
Birnin Zariya.

Zuwa ga 'yar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa Ibadan lafiya, jirgin ƙasa bai wahalar da ke fiye da yadda ya saba wahalar da bayin Allah ba. Allah Ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya tsare ki daga ciwon baƙon ruwa da sharrin baƙon ido. Babanku yana gaishe ki. Kakarki Inna ta ce in gaya miki kada ki kuskura ki ci barkonon mutanen can ba ki karya da koko ba. Labarin gida ba zan ba ki ba, ƙannenki za su rubuto miki har ki gaji. Abin da ya zaunar da ni daban ne.

Kin tafi da wata amsa tawa a cikin jakarki, kuma amsar nan ba gaskiya ba ce. Ranar Juma'ar nan da kika gwada tambayoyinki a kaina a tsakar gida, na ga yadda kika naɗe takardarki a hankali, kika ce, "Na gode, Yaya," kika shige ɗaki. Tun da kika buɗe baki Yaya kike ce mini, kamar yadda 'ya'yan fari da yawa ke ce wa iyayensu mata, amma ban taɓa jin kalmar ta yi mini nisa kamar ranar ba. Karatun nan naki ba na wata ɗaya ba ne, kin ma ce ƙila daga can ki wuce gaba. Rai kuwa ba a hannuna yake ba. Ba na so ki zauna a garin mutane kina ɗauke da abin da na faɗa, kina tsammanin iyakar abin da ke cikina ke nan. Sai dai kin san halina, ba na iya shiga magana ta ƙofar gaba. Bari in fara da aikinki, shi ya fi mini sauƙi a baki, in Allah Ya so zan iso inda za ni.

In na fahimci bayaninki, ga abin da ya kai ki Ibadan. Masu nazarin halin ɗan Adam suna ba mutum takarda ya faɗi yadda yake da bakinsa: ko yana samun barci, ko yana yawan fushi, ko baƙin ciki na damunsa. Shi kuwa mutum, da an ce ya faɗi kansa sai ya ɗauko kwalli da hoda. Ke aikinki shi ne ki auna yawan kwalliyar, don a san nawa za a goge kafin a ga fuska. Kin gaya mini sunan abin da Turanci, dogo kamar layin kananzir, na bar miki kayanki. Dabarar da kika ce ana yi ce ta ba ni dariya. Wai a cusa wasu tambayoyi a tsakiya waɗanda babu mahaluƙin da zai ce a'a ya yi gaskiya, irin su "Kin taɓa jin ƙyashin wani?" ko "Kin taɓa yin maganar wani a bayan idonsa?" Wanda ya wanke kansa tas a dukkansu, sai a san sauran amsoshinsa ma ba a rasa kwalli a ciki ba. Dabara ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma ni na yi yawon tambaya gida-gida a birnin nan tun kina tatata a ɗakin Inna, kuma kurakuran da na tafka sun isa a yi miki guzuri da su.

Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a asibitin mata da yara, wasu likitoci daga jami'a suka zo suna so a tambayi matan birni yadda suke renon yara. Maza ba sa shiga gida, sai aka ce ni in je, da yake 'yar gari ce ni, na kuma iya boko. Shugabata a lokacin Sista Rifkatu ce, mutuniyar Wusasa, wadda kike tunawa da ita saboda cincin ɗin da take aiko mana da Kirsimeti. Wayyo, da kin ga yadda na fito ranar farko! Farar riga ta sha sitaci da guga, farin takalmi, agogo a ƙirji, biro a aljihu. Na shiga gidajen Ƙofar Galadima ina taku ɗai-ɗai. Kina tafasa ruwan shan yaro? Eh, Malama. Kina wanke hannu da sabulu kafin ki ba shi abinci? Ƙwarai kuwa, Malama. Na dawo da takardu cike da eh, ina jin kaina kamar na ci gari da yaƙi. Sista Rifkatu ta duba, ta sauke tabarau, ta ce, "Zulai, in duk Ƙofar Galadima na tafasa ruwa, yaran da ke kwance mana a nan da gudawa daga wace ƙasa aka kawo su?" Na ce to ai haka suka gaya mini. Ta ce, "Ba ke suka gaya wa ba, rigarki suka gaya wa."

Gaskiya ta faɗa. Matan nan sun sha jin lacca a asibiti, sun san amsar da farar riga ke so, kuma a garinmu ba a hana baƙo abin da ya zo nema in ana da shi. Eh kuwa kowa yana da ita a gida. Na koma da atamfa da mayafi kamar mai zuwa barka, na zauna a tabarma na bar kujerar da ake jawo mini, sai ga magana ta sake: itace ya yi tsada, Malama, wa zai ƙona shi a kan ruwa? Saboda haka kafin ki auna kwalliyar mai amsa, ki fara auna taki. Duk inda za a rubuta amsa, a rubuta a gefe wa ya yi tambayar, me ya sa a jiki, da wane harshe ya yi sallama. Kuma ki rage Turancin nan da ke zamewa daga bakinki in kin ji kunya, na lura da ke.

Na cire riga, amma ban cire fuskata ba. Wannan na daɗe ina yinsa ban sani ba. Duk wadda ta ba ni amsa mai kyau sai in ce "Madalla!" har da gyaɗa kai. Wadda ta ba ni akasin haka sai in yi gum, ba ka jin komai sai ƙarar biro. Wata rana wata dattijuwa ta tsayar da ni a tsakiyar tambaya ta ce, "'Yar nan, wacce ce ta madalla a ciki? Gaya mini in ba ki ita, tuwona na kan wuta." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ke ma kina da irin wannan, a wurina kika gada: girarki ta hagu tana ɗagawa in abu ya ba ki mamaki. Ki koya mata zama. Ki karɓi eh da a'a da "to" guda ɗaya, murya ɗaya, kamar mai karɓar saƙon wani.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Asabe. Ba ki san ta ba, wata mai haihuwar fari ce a wani gida can bayan marina. A lokacin likitocin sun ƙaro tambayoyi a kan masu jego, irin naku na zuciya: kina samun barci, kina yawan kuka ba dalili, kina jin daɗin jaririnki. Na same ta zaune a gado, ta fito daga wankan jego jiki ya yi ja, uwar mijinta na bakin ƙofa tana tsintar shinkafa. Tsohuwar kirki ce, ita ke dafa mata ruwan wanka, ita ke dama mata kunun kanwa. Na ga ai babu komai, na fara. Na ce, "Barci fa?" Ta ce, "Alhamdu lillahi." Na ce, "Kuka?" Ta saci kallon bakin ƙofa, ta ce, "Kukan me, ga shi Allah Ya sauke ni lafiya?" Tsohuwa ta ce, "Ai Asabe ba ta da matsala, abinci kawai take ɗan yi wa yanga." Muka yi dariya. Na rubuta lafiya lau, na yi wa jariri addu'a, na tashi.

Na ga idonta ranar, kada in yi miki ƙarya. Na ga jaririn can ƙarshen gado, ta ba shi baya. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma takardata ba ta da gurbin fuska, ni kuma sauri nake in shiga gida na gaba. Kafin a yi arba'in aka kawo ta asibiti ta rame ta ƙanjame, ba ta magana, nono ya ƙafe. Ta warke daga baya, bayan doguwar jinya a gidan iyayenta, amma yaron bai yi rai ba. Allah ne Mai rayawa, Shi ne Mai kashewa, na sani. Sai dai har yau in na bi ta bayan marina ƙafata takan yi nauyi. Da ta samu sauƙi na je gaishe ta, na ce, "Asabe, me ya hana ki gaya mini?" Ta ce, "Malama, ta yaya zan ce ba na jin daɗi a gaban matar da ke tashi da asuba ta hura mini wuta? Kuma in na ce ina kuka, ba butulci na yi wa Allah ba?"

Ki riƙe wannan da hannu biyu. Kada ki tambayi mace abin da ke cikinta alhali akwai wani kunne a ɗakin, ko da kunnen masoyi ne. Na masoyi ma ya fi ɗaure baki, don shi ake jin nauyinsa. Ki nemi dabara, ki roƙi ruwan sha, ki ce za ki dawo wata rana, ki kuma dawo ɗin. Sannan kada ki ɗauki "alhamdu lillahi" a matsayin eh ko a'a. Godiya ce ga Allah, mai lafiya yana yi, wanda ke kan gargara ma yana yi. Ki bari ta gama godiyarta, ki taya ta, sannan ki sake tambaya a hankali. Ni a wahale na gano cewa "mata da yawa kan ji kaza bayan haihuwa, ke fa?" tana buɗe bakin da "kina jin kaza?" ke rufewa, don ba wadda ke so a ce ita kaɗai ce.

Bayan abin Asabe ne ni da Sista Rifkatu muka ƙirƙiro ƙwaryarmu. Ranar awo, in mata sun taru, sai mu ajiye ƙwarya a bayan labule an rufe ta da faifai, a gefe ga wake ga tsakuwa. Ni in karanta tambaya da ƙarfi, kowace mace ta shiga ita kaɗai, in eh ce ta jefa wake, in a'a ce ta jefa tsakuwa. Ba suna, ba ido. Tambayoyin nan kuwa mun riga mun yi musu su baki da baki tun zuwansu na baya. Ke, zo ki ga ikon Allah! Matan da suka rantse mini ba su taɓa kuka a ɓoye ba, sai ga wake ya isa a yi alale. Tazarar da ke tsakanin abin da baki ya ce da abin da ƙwarya ta ce, ina jin ita ce kike nema da dogon sunan nan. Ki gwada irinta a can, ko da ba da wake ba. In masu karatu ne za su cika takardar da kansu, kada ki sa su rubuta suna, kada ki tsaya a kansu, kada kuma ki karɓa da hannunki kina dubawa. Ki ajiye kwali a nesa kowa ya jefa tasa ya wuce.

Amma ji wautar da na yi. Daɗi ya kwashe ni, na ɗauko ƙwaryar na fito da ita gaban matan ina dariya, na ce, "To, asiri ya tonu, ashe duk maƙaryata ne ku!" Da wasa na faɗa. Babu wadda ta taya ni dariya. Ranar awo ta gaba rabin benci babu kowa, waɗanda suka zo kuma ko me na tambaya tsakuwa suke jefawa. Sai da Sista ta bi gida-gida tana ba da haƙuri a madadina, ta kuma daɗe tana amsa gaisuwata a ciki-ciki. Mutum ya ba ki gaskiyarsa a bayan labule, ke ki fito da ita rana, ai kin ci amana. Na ci, kuma wasu daga cikin matan nan ba su sake yarda da ni ba har na bar aiki.

Don haka kalmar nan ta ƙarya, ki yi hattara da ita. Na ji kina ce wa ƙawarki tambayoyin nan naki ma'aunin ƙarya ne. Ba duk wanda ya wanke kansa ne maƙaryaci ba. Akwai mai gyara magana don a yabe shi, shi kam ya san abin da yake yi, kuma ƙwarya tana kama shi. Akwai wanda ya daɗe yana gaya wa kansa abu har ya gaskata, shi ko kin kulle shi a ɗaki shi kaɗai tsakuwa zai jefa da zuciya ɗaya. Akwai mai tsoron baki, wadda za ta ce yaronta ba ya cin abinci alhali kumatunsa kamar su fashe. Sannan akwai tsofaffi irin Inna, da za ta ce miki ba ta gulma, ki bincika ki tarar shekara da shekaru ke nan da ta daina da gaske. Takardarki za ta zuba su duka a buhu ɗaya, ke ce za ki zazzage ki tsince.

To, na gama zagaye-zagayen. Wanzami ba ya son jarfa. Ni da na tsufa ina tambayar mutane, ranar da aka juyo da takarda kaina sai da na yi duk abin da matan nan ke yi, har na fi su.

Kin ce so kike ki ji ko Hausar tambayoyin tana shiga kunne kafin ki tafi, kika zaunar da ni a gindin dogon yaro. Inna na kan buzunta tana jan carbi, maƙwabciyarmu Hajiya Kande ta shigo aron turmi ta ƙi tafiya. Kin taɓa ƙyashi? Ban taɓa ba. Gulma fa? Allah Ya kiyaye. Hajiya Kande tana ta cewa, "Ai Zulai sai dai a yi shiru," ni kuma ina jin daɗi har cikin raina. Sai kika juya shafi, muryarki ta ɗan sauka, kika karanta, "Nakan yi kewar ɗana in ya yi nisa da ni." Kika ɗago kika dube ni, kika ƙara da abin da na san babu shi a takardar. Kika ce, "Misali ni, Yaya, in na tafi."

Inna ta daina jan carbi. Na ji idon Hajiya Kande a ƙeyata. Na ce, "Kewar me? Ke ai 'yar Inna ce, ita za ki tambaya. Ni in kin tafi ma ɗaki ya ƙara fili." Hajiya Kande ta fashe da dariya, ta ce, "Kai, Zulai akwai kara! Irinku sun ƙare a duniya." Ke ma kika yi murmushi, irin wanda ake yi wa baƙo. Girarki ko motsi ba ta yi ba, kuma wannan ne ya tsorata ni, don na gane ba ki yi mamaki ba.

Kin san al'adarmu, ba sai na koya miki ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ranar da aka yaye ki Inna ta goya ki ta tsallaka tsakar gida zuwa ɗakinta, shi ke nan kin zama tata. Ba zagin al'adar nake ba. Ta ba ki uwa biyu, kuma Inna ta riƙe ki riƙon da ni mai fita aiki da safe ba zan iya ba. Amma ni na wuce inda al'ada ta tsaya. Mata da yawa suna kunyar ɗan fari a tsakar gida, in ido ya ɗauke su ja shi ɗaki su rungume. Ni ko a ɗakin ban yi ba. Na shigo gidan nan ina 'yar boko mai farar riga, dangin babanku sun zuba ido su ga ranar da zan nuna rashin ta ido su ce dama mun faɗa. Na ɗaura niyyar ba za su samu ba. Da aka fara cewa matar Malam duk da bokonta akwai kunya, sai yabon ya yi mini zaƙi. Na yi ta sha, ɗacin yana tafiya wurinki.

Lokacin da ƙyanda ta kama ki kina 'yar ƙarama, ni da ke yi wa 'ya'yan mutane allura, a bakin ƙofar Inna na tsaya na miƙa magani na ce, "A ba yarinyar nan." Kina kiran Yaya, Yaya, na juya na shiga ɗakin girki na tusa kai cikin hayaƙi don a ce shi ya sa ni hawaye. Ranar da sakamakon jarrabawarki ya fito, kika shigo da gudu mayafi na jan ƙasa, na ce, "To, a je a nuna wa Inna," na ci gaba da tankaɗe. Kina ba da baya na shiga ɗaki na faɗi na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba. Wannan ba ki gani ba, tankaɗen kika gani.

Ga abin da ke ciki don aikinki, kafin hawaye su mantar da ni. Kin gaya mini asalin takardarku daga wata ƙasa aka ɗauko shi, inda uwa ke ƙara wa son ɗanta gishiri don a ce ta kirki ce. A nan, a gaban Inna, uwar kirki ita ce mai ragewa. Da za ki goge kwalliyata yadda littafinku ya ce, sai ki ƙara nisa da gaskiya, ki ce matar nan da ta ce ba ta kewa ƙila ma zuciyarta ta fi haka bushewa. Saboda haka duk garin da kika je, kafin ki tambayi mutum halinsa, ki fara sanin wane hali ake yabo a garin, a bakin wa, a gaban wa. Mutanen Ibadan suna da nasu, ba irin namu ba ne, kuma ba za su rubuta miki shi a goshi ba. Ki zauna da tsofaffinsu mata, ki ci abincinsu, ki yi shiru ki ji wa suke yabo, wa suke taɓe wa baki.

Ɗayar kuma ba ta aiki ba ce. In Allah Ya ba ki naki, ki yi kunyarki daidai gwargwado, kada ki zubar mana da mutunci a ce 'yar Ƙofar Gayan tana lallashin ɗan fari a tsakiyar biki. Amma ki samu wani lungu, ko bayan ƙyaure ne, inda yaron zai ji daga bakinki. Yaro ba ya iya lissafin da kuke yi a jami'a, ba ya cewa bari in cire kunya in ga abin da ya rage. Abin da aka ce masa shi yake ɗauka ya girma da shi. Ni na ɗauka kin sani. Kullum ina ce wa kaina ai tana da hankali, ta sani. Sai ranar Juma'ar nan na gane ashe tambaya kike yi tun kina yarinya ba ki samu mai amsawa ba, har kika je jami'a kika koyo yadda ake yin ta a takarda.

Ina kuma ja miki kunne a kaina ni kaina. Ko a wasiƙar nan ban fasa kwalliya ba. Na sake karanta abin da na rubuta, na ga na zaɓo kurakuran da suka ƙare da darasi, na jera su yadda za ki ce Yaya mai gaskiya ce. Akwai waɗanda ban koyi komai a cikinsu ba, waɗannan na bar su a ciki. Ƙyashi kuwa na yi shi, na Inna ma, duk ranar da kika faɗi kika wuce ni da kuka kika nufi cinyarta. Gulma kuma, ki tambayi Hajiya Kande da wa take yin tata. Ki gyara mini waɗannan a takardarki.

Saura babbar. Ranar tafiyarki kin zo sallama ina wanke-wanke, na ce Allah Ya kiyaye hanya ban ko tsame hannu ba, babanku da ƙannenki suka raka ki tasha. Kuna fita na ɗauki kwando na ce wa Inna za ni cefane. Na tari tasi a bakin titi har Sabon Gari. Na laɓe a bayan rumfar mai rake, inda nake hango taragonku. Na ga babanku yana ta nanata miki abu ɗaya yana nuna jakarki. Na ga kina ta leƙen bayansu, can wajen ƙofar shigowa, kamar mai jiran wani. Da jirgi ya yi kuka ya fara ja, idonki ya biyo ta kan rumfar, ya wuce, ya dawo. Matar nan mai ruwan ƙasan mayafi da ta ja shi ta rufe fuska, ba kama ba ce, ba kuma gizo idonki ya yi miki ba. Ni ce. Na tsaya har taragon ƙarshe ya ɓace, mai rake ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce masa lafiya lau.

Ga amsata, ki rubuta. Eh. Ina kewarki. Tun kina ɗakin Inna, tsakar gida kaɗai ke tsakaninmu, nake kewarki, balle yanzu da ban san ko kin ci abinci ba. Ina ƙaunarki ƙaunar da ban iya nunawa ba. Ke kika fara mayar da ni uwa, kuma duk waɗanda suka biyo bayanki babu wanda ya ture ki daga wurinki. Ki yafe mini.

Na dawo gida da kwando babu ko albasa a ciki. Inna ta dubi kwandon, ta dube ni, ta ce, "Kasuwar ba ta ci ba ne?" Na ce ba ta ci ba. Ta ja carbinta kaɗan, sannan ta ce, "Ta samu wuri ta taga?" Na zauna a ƙasa nan gabanta, na ce ta samu. Ta ce, "To, tashi ki rubuta mata. Ni na tsufa, na gaji da riƙe miki kayan nan."

Allah Ya tsare mini ke a zaune da a tafe, Ya tsare gabanki da bayanki. Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya sa ki zama mai rufin asirin waɗanda suka buɗe miki nasu. Ya raba ki da zazzaɓi da mugun abokin zama, Ya dawo mini da ke ina raye. Amin.

Ni ce,
Mahaifiyarki.